Littattafan da Suka Bi Tumatir Kudu

Ni'imatullahi tana aji uku ta zame daga bakin kanal ɗin ban-ruwa ta karye a cinya. Mai ɗori ya ce ba ita ba tafiya sai bayan girbin shinkafa. Malamin ajinsu kuma ya aiko cewa in ba ta ci jarrabawar ƙarshen shekara ba, maimaita aji za ta yi. Yarinyar ta fi kuka a kan wannan fiye da ƙafar.

Uwarta Zuliha ta yi sakandare, don haka ta ce ita za ta koyar da ita a gida. Ta jawo kwalin da ake tara littattafan yayyen yarinyar, sai ta tarar da bango zalla.

Ba ta tambayi kowa ba, ta san aikin mijinta ne. Ɗanbaba manomin tumatir ne a Bunkure, kuma kamar sauran abokan sana'arsa, in takardar rufe kwando ta yanke masa ranar lodi, littafin da ya fi kusa yake yaga. A ganinsa yaro in ya wuce aji, littafin ya gama amfani.

"Malam, karatun 'yarka ka ɗora a mota aka yi Legas da shi," in ji Zuliha.

Kunya ta kama shi. Ya shiga gari gida-gida yana cigiya, amma ko'ina labarin ɗaya ne: wani littafin babu farko, wani babu ƙarshe. Kwanaki suna ta wucewa, yarinya tana kwance tana ƙirga azara.

Catherine mai shagon iri da taki ce ta ji yana ƙorafi, ta yi masa dariya. Ta ce ai ba shafi ɗaya kowa ya yaga ba, ya koma ya karɓo guntayen duka. Ta haɗa masa da na 'yarta Stephanie, waɗanda ta adana a buhu.

Zuliha ta baje takardu a tabarma tana jera su bisa lambar shafi, Ɗanbaba yana ɗinkewa da basilla da zaren buhu. Littafin Hausa ya fito cif, na Turanci ma haka. Na lissafi ne aka rasa babin rabawa, sai da tsaba da murafun kwalba Zuliha ta koyar da shi.

Ni'imatullahi ta je jarrabawa tana dogara sanda. Lissafi da ƙyar ta sha, amma ta wuce aji huɗu tare da ƙawayenta. Ranar da sakamako ya fito, Zuliha ta zauna a bakin murhu ta yi ajiyar zuciya, har hawaye suka zubo mata don daɗi.

Jama'a, littafin da ɗanka ya gama da shi bai mutu ba. Ka adana shi, ko ka miƙa wa maƙwabci, domin akwai yaron da karatunsa ke jiran wannan shafin da kake shirin yagawa.