Ranar da Hadi Ya Zama Dakta

Hajjo ta sake duba wayarta. Shiru. Tun safe mijinta Hadi ya shiga kare digirinsa na uku, ita kuwa tana asibiti a unguwar Titiwangsa da ke Malesiya, a bakin gadon 'yarsu Zuhra.

Ƙarin da aka cire wa yarinyar a ƙwaƙwalwa ya dawo bara. Likitoci suka sa ta a gwajin wasu magunguna biyu da ake haɗawa, har ya fara motsewa. Saura wata tara a kammala gwajin. A Najeriya babu maganin.

Wayar ta yi ƙara. Ta ɗaga, tana jiyo abokansa suna ihun "Dakta! Dakta!"

"Abban Zuhra, yaya?"

"Na ci," ya ce.

"Ba haka muka yi da kai ba."

"Wallahi da gangan na ɓata amsoshin, Hajjo. Suka ce ruɗewa ce kawai, aikin ya yi kyau."

Bizar ɗalibi ce ke riƙe da su a Malesiya. Wanda ya gama karatu, sai tattara kaya.

Zuhra ta buɗe ido tana murmushi. "Umma, Abba ya ci? Ke nan za mu tafi gida?"