Wayar da Ke Raguwa

Wayar ta ragu da kusan gaɓar yatsa. Malam Zaidu ya sake auna ta a kan teburin ɗakin gwaji, ya tabbatar. Jiya da yamma tana kaiwa daga akwatin farko zuwa na biyu har da rara. Yau sai an ja ta.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana koyar da aikin lantarki a wata makarantar fasaha a Yelwa, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Sai ga wani tsohon ɗalibinsa ya aiko wa makarantar da ƙaramin jirgin ƙasa daga Turai, da layinsa da tasoshinsa, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Shugaban makaranta ya ce da shi za su je baje kolin kimiyya na makarantun Yauri da Ngaski da Shanga. Saura kwana huɗu.

Jirage biyu ne suka zo a kwalin, kuma suna tafiya lafiya. Matsalar tana ga akwatunan rahoto, waɗanda ke gaya wa kwamfuta yankin da jirgi yake a kan layi. Sai allon ya nuna jirgi a inda babu komai, ko ya ce layi a buɗe yake, jiragen su yi karo a bakin gada.

Da farko Malam Zaidu ya zargi siraran wayoyin da suka zo a kwali. Ya ce suna kwasar hayaniya daga manyan wayoyin wuta. Ya raba musu hanya, ya hau kabu-kabu zuwa kasuwa ya sayo kebul na intanet mai silili takwas, murɗaɗɗu bibbiyu. Ya fere, ya jera sililin bisa launukan da littafin ya zana, ya matse musu kai. Bai yi ba.

Washegari ne ya ga wayar ta ragu. Wani ya yanke kan da ya matse, ya sa sabo.

Ya ɗaga sabon kan zuwa hasken taga, ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Bai ga abin da aka canza ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Mugunta ce ta wanda ya san aiki. Bai ko kunna ba. Ya datse kan, ya matse nasa. Jiragen suka sake karo.

Mutum uku ke da makulli: shi, da Altine mai sharar ɗakin da jera kaya, wadda ta shekara goma sha tara tana zuwa kafin kowa, da Malam Benjamin, sabon malami mai digiri biyu, wanda aka fara raɗe-raɗin za a ba shugabancin sashe.

Ranar bai iya cin tuwon rana ba. Ya fita har bakin ruwa ya dawo, ya kuma fita. Da safe matarsa Barira ta ajiye masa hula a kan riga kamar yadda ta saba, ya zura ya fito ba ko sallama. Da ya isa ɗakin gwaji, ya tarar wayar ta sake raguwa.

Wannan karon ofishin shugaba ya nufa.

"Ranka ya daɗe, ana yi mini zagon ƙasa."

Aka kira Benjamin. Ya rantse bai taka ɗakin ba tun Litinin. Ya ce a bari ya duba haɗin sau ɗaya kawai.

"Ba za ka taɓa mini aiki ba," in ji Zaidu.

Shugaba ya karɓe makullin Benjamin, ya ce in aka sake samun haka zai rubuta takarda zuwa Birnin Kebbi. Benjamin ya fita idonsa ya kaɗa. Altine tana bakin ƙofa da tsintsiya, duk a kunnenta aka yi.

Zaidu ya koma ya datse, ya matse. Ya canza akwatunan wuri. Ya goge layin da tsumma har yatsunsa suka yi baƙi. A sandar ba da hannu ta gefen layin, fitilar sama ta tsayawa tana kamawa, ta ƙasa ta wucewa tana kamawa, amma duk ba a kan lokaci ba. Kebul ɗin kuwa ya kai inda ba zai ɗauki yanka fiye da ɗaya ba.

Ranar baje koli, daga sallar asuba makaranta ya wuce. Ya shiga, ya zauna a bayan kabad ɗin kayan aiki.

Ƙarfe shida da rabi makulli ya juya. Ya ji takun silifa, ya ji an ja aljihun tebur, sannan ƙarar abin matse waya: ƙas.

Ya fito. Altine ce, guntun kan da ya matse jiya yana tafin hannunta.

"Ke? Nawa Benjamin ya ba ki?"

Ba ta ja da baya ba. Ta cusa sabon kan a akwati.

"Malam, kunna shi tukuna. Kullum kana yankewa ba ka gwada ba."

Ya danna maɓallin. Jirgin farko ya tashi, allon ya bi shi yanki bayan yanki. Na biyu ya zo bakin gada ya tsaya cak, ya jira ɗan'uwansa ya wuce, sannan ya bi. Suka zagaya sau uku babu kuskure.

"Mi kika canza?" ya ce. "Na duba. Jerin iri ɗaya ne."

"Da na yi shiru kamar kullum, amma ba zan bari a kori bawan Allah ba," in ji ta. Ta miƙo masa silili biyu a tafin hannu. "Wanne ne kore, Malam?"

Ya daɗe yana kallo. Duk biyun abu guda ne.

"Kore da ruwan ƙasa idonka bai raba su," ta ce a hankali. "Shekara goma sha tara, duk aikin da ka haɗa da yamma, ni ke gyara shi da safe."