Ranar da Senegal Ta Faɗo Ƙasa

Tun da aka daina jera ƙasashe bisa harafi, kowane shafin intanet ƙasar da aka fi tunawa da kai a cikinta yake ɗora maka a sama. Shi ya sa 'yan matan Funtuwa suke buɗe shafin aika kaya kowace safiya, ba don suna da abin aikawa ba.

Tun da saurayinta Mudassir ya tafi karatu Dakar, Senegal ce a saman jerin Rumasa'u. Ko Najeriya, mai iyayenta da ƙawayenta, a ƙarƙashinta take.

Yau ta buɗe a wayarta, babu Senegal a sama. Ta yi ta jan yatsa, sai ga ta can ƙasa.

"Kaka, ya manta da ni!" Hawaye shar.

Kakarta ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa. "Kuka tun ba a yi mutuwa ba? Miƙo wayar nan. To, ga Najeriya a sama. Wannan ta biyun fa, Nowe ta can Turai, wa kika sani a can?"

"Babu kowa."

Suka dubi juna. Kaka ta yi a'uziyya ƙasa-ƙasa, don ba ta san wa ke tunanin jikarta a can ba, ta kau da zancen.

"Ke ja'ira, wanda ya fi ƙasa guda tunaninki ba ya manta ki dare ɗaya. Sai dai in shi ne ya bar ƙasar."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a zaure, da muryar nan da Rumasa'u za ta gane ko a tsakiyar kasuwa. Ta zabura, mayafi a bai-bai.

"Takalminki, mara kunya!" in ji Kaka, tana dariya har da tari.