Dutsen Ɗumin Inna

Dakoro yashi ne ko'ina, shi ya sa kakata Inna take ji da baƙin dutsen da wani makiyayi ya kawo mata daga arewa. Lokacin sanyi takan tura shi cikin garwashin tuwo da la'asar, sannan ta mirgina shi a kasko ta kai ɗaki. Har asuba yana ɗumama mata gwiwoyi.

Abin ya dame ni. Itace ya zama toka, to ina dutse ya ɓoye wutar?

Wata la'asar Inna ta tayar da salla, na ɗauki butarta na kwarara wa dutsen ruwa yana da zafinsa, ko wutar za ta fito in gani. Ya yi tururi, ya dare biyu. Cikinsa baƙi ƙirin, ba komai.

Da ta sallame ta daɗe tana dubansa. Na san ba ta da wani.

"To, kin ga wutar?"

"Ban gani ba, Inna."

"Ni ma sadda nike kamarki ban gani ba."

Ta naɗe ɓari guda a tsumma ta miƙo mini. Yana ɗakina har yau. Ya yi shekara da shekaru bai ga wuta ba, amma duk na gifta sai na taɓa shi.