Aron Hayaniya Ranar Suna

Tun da ƙungiyar masu gidan benen ta fara raba hayaniya da awo, kowane ɗaki yake da rabonsa na mako. In ya ƙare, sai bango ya shanye duk wani sauti, ko da kukan jariri ne.

Ranar sunan jikarta, rabon Tabawa ya ƙare tun hantsi. Mai guɗa ta kama hanci ta rangaɗa, amma shiru kake ji. Tabawa ta ja mayafi ta sauka wurin Malam Barau, tsohon da ke ƙasanta, wanda kullum yake bugun rufi da sanda saboda turminta har ya sa ƙungiya ta hana ta daka.

"Malam, na san ba ma ga maciji, amma aron hayaniya na zo. Suna babu guɗa ai zaman makoki ne."

Ya dubi ma'aunin da ke jikin ƙofarsa. Cike yake fal. Tun rasuwar matarsa, tari kaɗai ke rage shi.

"Kwashe duka, Hajiya. Amma ku bar taga a buɗe in ji."

"Har da turmin?"

"Musamman turmin. Tun da aka hana ki, kullum sai na makara."

Guɗa ta tashi, jaririya ta tsala kuka, uwarta ta rungume ta tana dariya. Can ƙasa sandar Malam Barau ta soma bugun rufi kamar da, sai dai yau kiɗa take bi.