Katin Direba

"Baba, jira ni a nan," in ji 'yarsa, ta shige ɗakin likita.

Wata uku yana rako ta yana mita: "Yaushe fargaba ta zama ciwo? Shagwaɓa dai!" Ga ta yanzu tana samun barci, tana shiga kasuwa ita kaɗai.

Shi kuwa shekara tara rabonsa da sitiyari. Ya ce wa kowa ido ne. Bai taɓa faɗin yadda numfashinsa ke ɗaukewa in ya hau gada ba.

Ya miƙe, ya nufi tagar yankan kati.

"Na yarinyar ne, Baba?" ma'aikaciyar ta tambaya.

Ya ajiye mata tsohon lasinsa.

"Ni ne marar lafiyar. Wajen sana'a, rubuta direba."