Dillalin Raguna da Ɗurar Alhamis

Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ana fitowa daga sallar La'asar, wani dillalin raguna ya baro kara, wato kasuwar dabbobi, ciniki bai faɗa ba, ya nufo gida da sauri kamar wanda aka aika ɗebo wuta. Saurari abin da ya koro shi, ya kai uban yara, domin saboda irinmu aka kawo misalin.

Mutumin nan yana da 'ya tilo a aji uku na firamare. Kowace Litinin malamarsu takan ba su kalmomi takwas na Turanci, ta ce kullum da yamma a ɗauki biyu, yaro ya karanta, ya rubuta, ya faɗi ma'ana, ya sa su cikin jimla a gaban wani babba na gida. Ranar Juma'a kuma ta yi musu shifta. Uwar yarinyar ba ta yi boko ba, saboda haka nauyin ya faɗo kan uban. Shi kuwa ƙafarsa ba ta san zama ba, yau yana wannan kara, gobe yana waccan. In yarinyar ta tare shi a zaure da littafinta, sai ya shafa kanta yana neman takalminsa, ya ce, "Bari dai, uwata, ranar Alhamis ma yi su gaba ɗaya."

Daga sana'arsa ya ɗauko wannan dabara. Ya san abin da ake yi wa ramammen rago a jajibirin kasuwa. Akan dama masa dusa da kanwa, ƙishirwa ta kama shi, a ɗura masa ruwa har ciki ya cika fam, washegari baƙon mai saye ya gani ya ce ƙiba ce. Haka ya riƙa yi wa 'yarsa. Duk Alhamis ya zaunar da ita ya ɗura mata takwas ɗin nan a zama ɗaya, Juma'a ta zubar da su a takarda ta ci maki mai kyau, kafin rana ta faɗi ranar Asabar sun zurare kamar ruwa a kwando. Malamar ta aiko masa cewa yarinyar tana manta abin da ya wuce. Ya yi dariya, ya ce ai maki ake nema, ga shi kuwa ana samu.

To, da safiyar wannan Alhamis ɗin yarinyar ta gaya masa cewa gobe jarrabawar ƙarshen shekara ce, daga kowane mako za a tsamo kalmomi, wanda ya faɗi kuma ba zai shiga aji huɗu ba. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kada a raba ta da ƙawarta, 'yar maƙwabcinsu, wadda suke tafiya makaranta hannu da hannu tun daga aji ɗaya.

Ya shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, shi ya kasa zama. Ya je bakin rijiya ya dawo, ya je gindin turke ya dawo, yana kiran kalma yana buga sandarsa a ƙasa. Ta kama ta farko, ta biyu ta ture ta. Ta koma ta farko, ta tarar ba ta nan. Ya daka tsawa, ya dawo ya lallasa, ya aika aka sayo mata alewa, ya sake daka tsawa. Daga madafa uwar ta ce, "Malam, ko jariri aka ɗura wa kunu fiye da cikinsa, amayarwa yake yi." Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki." Aka kira Magariba yarinyar tana riƙe da kai, hawaye na ɗiga a kan rubutu, ba su ci ko rabin littafin ba.

Ranar Juma'a bai je kasuwa ba. Ya tsaya ƙarƙashin darbejiyar da ke daura da tagar ajin, ya tsuguna ya miƙe, ya cire hula ya mayar. Yana jin malamar tana kiran kalmomi ɗaya bayan ɗaya, waɗansu tun na farkon shekara. Ta taga ya hango fensirin 'yar maƙwabci yana tafiya ba tsayawa, wadda babbar yayarta ke zama da ita kowace yamma kan kalmomi biyu kacal. Tasa 'yar kuwa tana taunar gindin fensiri tana kallon rufin aji.

Da aka tashi, ya tari malamar a bakin ƙofa, takardun suna hannunta. Ya ce, "Malama, a duba mata mana. Ai duk Juma'a tana ci." Ta zaro takardar yarinyar ta nuna masa, fari ya fi baƙi yawa. Ta ce, "Baban yarinya, kai da kanka ba ka sayen rago da ganin cikinsa, hannu kake ɗorawa a gadon baya. Yau na ɗora hannu, ƙashi na ji."

Da aka dawo hutu, 'yar maƙwabci ta shiga aji huɗu. 'Yar dillali ta koma tsohon bencinta a aji uku, cikin yaran da suke bayanta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.